Sharar da Ta Gajiyar da Shanu

An ce wai a cikin cututtukan da ke kama zuciyar mutum, babu mai cin dukiya kamar son a gani. Marowaci yana shan wahala, amma kayansa suna nan a ɗaki. Mai son a gani kuwa da hannunsa yake ɗaukar nasa ya miƙa, yana yi yana murmushi. Ga labarin wani da ciwon nan ya kama a kan abin da bai kai ya kawo ba, wato shara.

An yi wani mai lambu a garin Tsamiyar Kwari, sunansa Shekarau. Allah ya ba shi lambu mai kyau a bakin fadama, da mangwaro da lemo da gwaiba, ga rijiya ga jigo na ɗiban ruwa. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya cin haƙƙin kowa, yana kuma da kyauta. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya yin abu sai ya waiga ya ga ko ana kallo. Yana da taubashi mai suna Dogara, lambunsu yana jingine da juna, kuma tun suna yara babu ranar da ɗayansu bai tsokani ɗaya ba.

Da damina ta ɗauke, Dogara ya yi wa lambunsa aski, ya tara rassa da ciyawa, ya kira jaki da mangala aka kwashe. Shekarau ya leƙo ta saman darni ya ce, "Kai bawana, wannan ce sharar lambun naka? Ai ko tsakar gidana ta fi haka."

Dogara ya ce, "To ubangijina, mu ga taka."

Shekarau ya shiga nasa lambun da adda da gatari. Ya sare rassan da suka mutu, ya rage waɗanda suka yi yawa, ya nome ciyawa, ya tara komai wuri ɗaya. Rassa da ganyensu suka hau kan juna suka yi tsiri, har tsibin ya fi tsawon mutum. Ya koma gida ya ce wa matarsa Tabawa zai ɗauko babban amalanken Arzika.

Tabawa ta ce, "Maigida, wanda ake jigilar harawar gari da shi? Tsibin nan fa rabinsa iska ce. Ka bari ya sha rana, a sassare, sannan ka san abin da za ka kira."

Ya ce, "Ke dai ki ji da tukunyarki."

Shi Arzika mai amalanke ne, da aikin yake ci da iyalinsa. Yana da jaki, yana da ƙaramin amalanke na sa ɗaya, yana da babba na shanu biyu wanda aka kewaye da katako har kafaɗa. Al'adar garin kuwa ita ce, mai kwasar sharar lambu ladansa abin da ya kwasa: rassa ya kai wa masu gasa tukwane, ciyawa ya zuba wa dabbobinsa.

Da Shekarau ya je, Arzika ya tambaye shi, "Maigida, ɗanya ce ko busasshiya? An sassare ta ko tana da rassanta?"

Shekarau ya ce, "Kai, lambun wa kake tambaya? Lambun Shekarau ne. Ka zo da babban, ranar kasuwa, kuma ta cikin kasuwa za ka bi da kayan."

"Idan bai cika ba fa?"

"Duk abin da ya hau naka ne, kuma ba ka fita sai ya cika."

Bai tsaya nan ba, sai da ya nemo maroƙi, ya ce ya zo ya raka shara.

Kafin ranar kasuwa ta zo, rana ta yi aikinta. Ganye ya yanƙwane ya zube, ciyawa ta kwanta. Arzika da ƙanensa suka sa adda suka daddatse rassan, suka jera, suka hau suka tattake. Da suka sauko, sai ga tsibin nan da ya fi tsawon mutum ya lafe a gindin amalanke, ko gwiwa bai kai ba. Ga maroƙi a bakin ƙofa yana gyara murya, ga Dogara ya ɗora haɓa a kan darni yana kallo.

Dogara ya ce, "Ubangijina, in aro maka tawa a ƙara? Sai dai jaki ya riga ya tafi da ita."

Shekarau ya dubi amalanken. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan tarin takinsa da ya ruɓe ya yi baƙi, wanda ya daɗe yana tanadi saboda lemo. Ya ce, "Ku kwashe wancan, ya dame ni da wari."

Arzika ya ce, "Maigida, wannan fa taki ne."

"Na ce shara ce."

Aka loda. Amalanke ya kai ƙugu. Shekarau ya nuna gwafannin da suka tokare rassan lemo, ya ce sun tsufa. Ya nuna darnin kara na gefen hanya, ya ce ya gaji da ganinsa. Ya nuna sandar jigo, ya ce dama yana so ya sake. Kowanne sai Arzika ya tambaya, kowanne sai a ce masa shara ce. Da aka ga saura kaɗan, ya sa aka ɗebo itacen girkin Tabawa da ta jibge a inuwar mangwaro, aka yi wa lodin rawani da shi.

Haka aka fito. Shanu suna nishi, Shekarau yana gaba da babbar riga, maroƙi yana ihu, "Ku ba da hanya! Ga sharar Shekarau, sharar da ta gajiyar da shanu!" Kasuwa ta dare biyu, mata suna guɗa don wasa, mahauta suna ɗaga wuƙa suna jinjina. Ranar dai Shekarau ya sha kallo har ya ƙoshi.

Da ya koma lambu da la'asar, sai ya tarar awakin gari sun shiga ta inda darni yake a da, sun yi wa dashen gwaiba aski na biyu. Reshen lemo mafi 'ya'ya ya rasa matokari ya tsage. Ya je rijiya ba abin jan ruwa. Ya koma gida ba hayaƙi, Tabawa tana zaune a gaban murhu ta harɗe hannu.

Da mutum ne mai sauƙin kai, da ya je wurin Arzika a asirce ya roƙa, da an ba shi. Amma roƙo yana nufin ya ce ya yi kuskure. Sai ya wayi gari a gaban alƙalin garin, Malam Mudi, ya ce Arzika ya haɗa da dukiyarsa a cikin shara ya gudu da ita.

Aka kira Arzika, ya zo. Ga kaka ta kama, lokacin da kowa ke neman amalanke, kuma ba mai ɗora hatsinsa a amalanken wanda aka kira ɓarawo a gaban shari'a. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban ɗauki tsinke ba sai da na tambaya. Kayan ma suna nan a kan amalanke, ban sauke ba, don shanun sun gaji da gaske. In an ce in mayar, zan mayar. Sunan ɓarawo ne ba zan iya ɗauka ba."

Malam Mudi dattijo ne mai jinkirin magana. Ya ga shari'ar tana da baki biyu. Idan ya ce a mayar da kaya, gari zai ce ashe da sata, sunan Arzika ya ɓaci ke nan. Idan ya ce kada a mayar, ya hana mutum takinsa da jigonsa, alhali kowa ya san taki ba shara ba ne. Sai ya ce a kawo amalanken ƙofar majalisa.

Amalanken da ya ratsa kasuwa jiya ba ya tafiya shi kaɗai. Kafin ya iso, rabin gari ya biyo shi, har da maroƙin, har da Dogara.

Alƙali ya ce, "Shekarau, dukiyarka taka ce, shari'a ba ta hana ka ita. Shara kuma ta Arzika ce bisa al'ada. Ni ban san lambunka ba, kai ka san shi. Za a sauke kayan nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da ka ce dukiya ce, a ajiye a dama, ka tafi da shi, in kuma tambayi Arzika yadda aka yi ya hau. Abin da ka ce shara ce, a ajiye a hagu. Idan an gama, jama'ar da suka ga fitar kayan jiya su ga iyakar sharar lambunka da idonsu, don kada gobe a yi musu."

Can sai Dogara ya matso, ya ajiye wani ɗan kwando a gefen hagu, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na kawo abin da za a zuba ta hagun, kada a wahalar da shanu."

Dariya ta ɓarke. Maroƙi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni kuma a gaya mini tun da wuri, in kirarin jiya yana bukatar gyara in fara."

Aka sauko da sandar jigo, aka riƙe ta a gaban Shekarau. Alƙali ya ce, "Dama ko hagu?"

Shekarau ya dubi sandar, icce mai kyau da ya sha hannu har yana sheƙi. Ya dubi kwandon Dogara. Ya dubi mahautan da suka yi masa jinjina jiya. Ya ce, "Hagu."

"Gwafannin fa?"

"Hagu."

"Takin?"

Shekarau ya dubi takin. Daga baya ya gyara rigarsa, ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kada a ɓata wa jama'a lokaci. Duk abin da ke kan amalanken nan shara ce. Lambuna ne ya fitar da ita."

Malam Mudi ya ce, "Jama'a kun ji. Mai ƙara ya shaida da bakinsa cewa abin da Arzika ya ɗauka shara ce, kuma shara ladansa ce. Arzika, tashi, ba ka saci komai ba, duk wanda ya kira ka da wannan suna ya zo ya same ni."

Sai ga murya daga bayan taro, inda mata suke tsaye. Tabawa ce. Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, itacen da ke sama nawa ne, ni na saro shi, kuma ni ban taɓa kiransa shara ba."

Alƙali ya yi murmushi ya ce, "Gaskiyarki. Bakin miji yana da iko da kayansa, ba shi da iko da na matarsa. Itace ya tafi dama."

Arzika da murna ya ce shi zai kai mata har gida, a kan jaki, don jaki ne daidai da shi. Ya kuma matsa kusa da Shekarau ya ce a hankali, "Maigida, ko sandar jigon ce ka ɗauka, wallahi na yafe."

Shekarau ya ga Dogara ya kasa kunne, sai ya ce da ƙarfi, "Me zan yi da shara?"

Kafin a watse, Malam Mudi ya ce wa jama'a, "Ku riƙe wannan. Kaya ake aunawa a nemo masa mazubi. Wanda ya fara nemo mazubi don idon mutane, da abin hannunsa zai cika shi."

Arzika ya samu aiki a kakar nan fiye da kowace shekara, don kowa yana son amalanken mutumin da ke tambaya kafin ya ɗauka. Dogara ya rataye kwandonsa a kan iyakar lambunsu, ya ce ko za a bukata baɗi. Shekarau kuwa ga abin da ya rasa: tarin taki guda, darnin gefen hanya gaba ɗaya, gwafanni takwas, sandar jigo, reshen lemo da 'ya'yansa, dashen gwaiba goma sha biyu da awaki suka cinye, da tuwon dare ɗaya.