Ɗan Taurin da Ya Ƙi Allura

A cikin mahautan kasuwar Adjamé da ke Abidjan babu wanda bai san Haladu ba. Mutum ne mai kyauta da raha, amma yana da aibi guda, wato alfahari da tauri. Tun yana saurayi ya sha maganin ƙarfe, kuma duk ranar da aka yi wasa sai ya goga wuƙa a cikinsa jama'a na ihu. Saboda haka ko allura bai taɓa yarda an yi masa ba. In ta shige shi, ina zai sa kansa a kasuwa?

Da shekaru suka ja, sai wani nauyi ya fara danne masa ƙirji in ya ɗauki cinyar saniya, ciwon ya gangara hannun hagu. 'Yarsa Iklima, haifaffiyar Abidjan, ta lallashe shi har asibitin zuciya na Treichville. Likita ya auna shi, ya ce da alama jijiyar da ke shayar da zuciyarsa jini ta toshe. Sai an zura siririn bututu ta matsematsinsa har zuciya, a ga wurin, a buɗe shi.

Da Iklima ta fassara masa, Haladu ya yi dariya ya ɗauki hularsa. "Ki gaya wa dokotoro kada ya yi asarar allurarsa. Ƙarfe ba ya kama ni."

Abin da bai faɗa ba shi ne tsoro yake ji kada allurar ta kama shi ɗin.

Ba a daɗe ba, wata safiya yana cikin sara ƙashi, gatarin ya suɓuce, ya durƙushe gumi na zuba. Aka sa shi a tasi sai Treichville. Ko a can, numfashi da ƙyar, gogan naka kai yake girgizawa.

Iklima ta durƙusa gaban gadon tana kuka. "Pardon, Baba. In ka mutu, mutanen marshe, 'yan kasuwar taku, za su yi maka kirari su koma sayar da namansu. Ni ce zan koma gidanmu na Williamsville ba uba. Su kake jin kunya, ko ni kake tausayi?"

Haladu ya kwance kambun da ke damtsensa, ya miƙa mata, ya ce, "Riƙe mini. Ce wa dokotoro bismilla."

Allura ta shige salin-alin, kamar yadda take shiga jikin kowa. Amma aikin bai zo da sauƙi ba. Likita ya nemi bakin jijiyar dama a inda take ga sauran mutane, bai same ta ba. Ya canza bututu, ya sake lalube, Haladu na kwance ido biyu yana salati. Ashe tasa daga ɓangaren hagu ta fito, haka Allah ya halicce shi, shi kuwa mai cika bakin ya san jikinsa bai taɓa sani ba. Da aka same ta, sai ga toshewar, saura ƙiris hanya ta rufe. Likita ya hura ɗan balan-balan a wurin, ya bar wata 'yar ragar ƙarfe ta tokare jijiyar. A allon da ke gefensa Haladu ya ga jini ya wuce a guje, nauyin ƙirjin ya sauka. Hawayen murna suka zubo masa.

Ranar da ya koma kasuwa, mahauta suka yi masa caa. Ɗan Azumi, abokin wasansa, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Haladu, an ce ƙarfe ya kama ka a lopital?"

Haladu ya bugi ƙirji. "Ya kama ni, har ya samu wurin zama a nan ciki! Da shi nake tsaye gabanku. Kai kuma da na ga kana haki in ka hau gada, gobe ni zan kai ka da kaina."

Kasuwa ta kaure da shewa, Ɗan Azumi ya sunkuyar da kai ya ce, "To, da safe."

Darasi: kada kunyar idon mutane ta hana ka neman magani. Ciwon ƙirji ba abin jarumtaka ba ne, kuma akwai abin da ke jikinka wanda sai likita ya duba za a sani. Masu yi maka kirari ba su ne za su yi maraicinka ba.