Sandar Rogo Ba Ta da Ganye

Kai ka kashe mini gona, kuma ka san da kai nake. Sunkuyar da kai ba zai fisshe ka ba.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai sayar da irin rogo. Gonarsa na manne da ta yayarsa, wadda ta goya shi har bayanta ya yi kanta. Wata damina ganyen rogonsa ya fara nannaɗewa, ya yi dabbare-dabbaren rawaya. Malamin gona ya ce wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, tana cikin jikin itacen. A tuge, a ƙone.

Ya tuge, amma bai ƙone ba. Ya ji tsoron masu saye su ga hayaƙi su gudu. Sai ya zage ganyen tas, ya sassara sandunan, ya ɗaure dami, ya kai ƙofar yayarsa.

"Yaya, ga iri mai kyau. Ke na fara tunawa."

Ta yi ta sa masa albarka har da hawaye. Sandar rogo ba ta da ganye, ciwon kuwa a ganye yake nunawa. Wa ke binciken kyautar ƙaninsa?

Shi kuwa ya dasa sabon iri mai lafiya a gonarsa. Da nata ya tsiro a ƙanƙance, shi ya fara yawo da zancen, wai tsohuwa ta kwaso wa mutane annoba. Mata suka daina karɓar ko irin kuɓewa daga hannunta.

Ya manta ƙananan fararen ƙudajen da ke ɗaukar cutar daga ganye zuwa ganye ba su san iyakar gona ba. Daga nata suka tsallaka nasa. Gonarsa ta lalace kaf, masu saye suka watse, shekarar ko saiwar kirki bai haƙa ba. Matarsa, da ta taya shi zage ganyen, ita ta zo wurin yayar tana kuka ta faɗi komai.

Kun gani? Cutar da ka ajiye a ƙofar ɗan uwanka ta san hanyar gidanka. Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya goya mu.

Ni ce yayar. Gona ta tafi, na haƙura, sunana nake nema. Shugaban manoma, a gabanka ƙanin nan nawa ya ɓata ni kana gyaɗa kai. Ka tara mutanen nan, ka tsayar da shi, ya faɗa da bakinsa wa ya kawo mini damin nan.