Zanen Goyo Mai Ƙyalle Arba'in

"To, ku matso kusa. Ke Hanne, ɗaga min ƙafa, ba matashin kai ba ce. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

"Za ta zo, amma a hankali, don yau bayana a riƙe yake."

A wani ƙauye da ke bakin kogi an yi wata tsohuwa, sunanta Tasalla. Ɗinkin hannu ne sana'arta tun tana budurwa. Ba ta da keke, ba ta da rumfa a kasuwa, daga allura da zare sai wani tsohon almakashi wanda ya fi iya tauna yadi a kan yanka shi. In maɗinka suka zubar da ƙyallaye, ita ke bi tana tsincewa, ta wanke, ta haɗa, ta yi hular jariri ko rigar matashi ko 'yar jakar goro.

Mijinta Jatau ya daɗe da rasuwa. Ya bar mata 'ya ɗaya tal, Yalwa, wadda ke aure a ƙetaren kogi. Da cikin Yalwa na fari ya tsufa, sai ta dawo gida goyon ciki, ta haifi ɗa namiji, aka mayar masa da sunan kakansa. Tasalla kuwa ba ta kiransa da komai sai Angona.

A garin nan, in mai jego ta gama wankan kwana arba'in za ta koma ɗakinta, uwa ba ta sallamarta hannu Rabbana. Dole ta ba ta zanen goyo. Tasalla ba ta da halin sayen sabo, sai ta zazzage kwandon ƙyallayenta ta zaɓi guda arba'in. Akwai guntun shuɗiyar rigar Jatau, akwai saƙin uwarta, akwai bakin zanen da Yalwa ta fara ɗaurawa tana yarinya. Ta ce kullum za ta haɗa ɗaya, ranar da wanka ya ƙare zane ya cika.

Kuma ku sani, hanyar gidan mijin Yalwa ta kan kadarko take, gungume ɗaya kwance a kan kogi, ƙarƙashinsa duwatsu. Mai goyo in za ta haye sai ta ware hannuwanta biyu don kada ta karkace. Babu mai riƙe yaro a wurin sai zane.

Tasalla tana da ƙa'ida ɗaya da ta koya wurin uwarta. Kowane ƙyalle ta zo haɗawa, sai ta yi ƙulli a farko, ta yi ƙulli a ƙarshe, ta ciji zare, sannan ta sake wani. Aikin yana cin lokaci, amma ko ɗinki ɗaya ya tsinke, sauran ba ruwansu.

To, amma ku da ba ku taɓa yi wa mai jego hidima ba, ba ku san gajiya ba. Da asuba Tasalla ta tafi rijiya, ta dawo ta faskara itace, ta dafa ruwan wanka a ƙatuwar tukunya. Ta dama kunun kanwa, ta wanke tsummokaran jariri, kafin su bushe an ɓata wasu. Da yamma kuma a sake dafa ruwa. In ta zauna da allura sai ramin ya ɓace mata, ta lashi zare ta soka, ta sake lasa ta soka. Yalwa takan leƙo ta ce, "Inna, ko in taya ki?" Sai ta ce, "Ke 'yar nan, koma ki kwanta. Ni na ce miki na gaji?" Alhali kuwa ji take kamar an daka ta a turmi.

Ana saura kwana uku a zo ɗaukar Yalwa, Tasalla ta ƙirga. Ashirin da biyar ta haɗa, sha biyar na kwando suna kallonta. Ta jingina da gindin tsamiya, hawaye suka zubo mata, don ta san ba za ta iya ba.

Ashe ƙamshin kunu da farfesun ƙauri ya kai hancin Gizo. Sai ga shi ya faɗo gidan, da tsamin bakinsa.

"Shannu da aiki, Iya! Kuka kike?"

"Hayaƙi ne."

"Ai ba wuta a nan. Kawo zanen in gani. Wannan ne aikin? Ni fa da zarena nake yawo a ciki, ba na neman ramin allura. Ƙyalle biyar kafin ki juya. Ladana ƙoƙon kunu ɗaya kawai."

Tasalla ta san Gizo, wa bai san shi ba? Amma idonta ya yi nauyi, bayanta ya ƙage. Ta miƙa masa zanen ta ce, "Ƙulli a farko, ƙulli a ƙarshe."

"Gashkiya ko ba ki faɗa ba."

Ta kishingiɗa, barci ya kwashe ta. Da ta farka, ƙyalle biyar sun hau, ɗinki siriri sai sheƙi yake, Gizo yana lashe ƙoƙo. Da ya tafi, Kaza ta matso tana karkata kai.

"Iya, ni fa a nan na wuni ina tono. Ban ga ya ciji zare ba ko sau ɗaya."

"Ke da idonki ke ƙasa kullum, me za ki gani? Bar ni, na gaji."

Kashegari Gizo ya dawo tun rana ba ta take ba. Yau ladansa kunu da ƙashin ƙauri. Tasalla ta ce, "Ƙulli a farko, ƙulli a ƙarshe." Ya ce, "Gashkiya ko ba ki faɗa ba." Ta kwanta, ta farka, biyar sun ƙaru. Da ya tafi, Akuya ta yi magana daga turke tana tuƙa.

"Iya, zare ɗaya na ga yana ja tun jiya, daga wannan ƙyalle zuwa wancan. Bai tsaya ba, bai ƙulla ba."

"Ke da kika cinye min rabin ƙyallen atamfa bara, yau ke ce mai koya min ɗinki? Bar ni, na gaji."

Rana ta uku Gizo ya zo da nasa akushi. Ya sha kunu, ya ci ƙauri, har ya yi guzurin Ƙoƙi matarsa. Kafin la'asar zane ya cika arba'in, an shimfiɗa shi a tabarma, ja da shuɗi da rawaya, duk wanda ya gani sai ya tsaya. Tasalla tana kallonsa sai ta ji motsi a ƙarƙashi. Kusu ne ya fito yana kakkaɓe gashin baki.

"Iya, ku kuna kallon fuskar zane, ni ta bayansa na bi. Wajen naki na yi ta tuntuɓe da ƙulli. Wajen Gizo kuwa sumul, kamar an share min hanya. Juya ki gani."

Tasalla ta ɗora hannu a bakin zanen. Juyawa kawai za ta yi. Amma ta san in ta juya ta ga abin da take tsoro, aikin kwana sha biyar ne zai dawo mata, ga baƙi gobe da safe, ga ruwan wankan yamma bai ma hau wuta ba. Ta janye hannunta.

"Gobe na duba," in ji ta. Ta tashi da kyar, ta ɗauki tulu.

Da safe Gwaggo Kuluwa, yayar uban mijin Yalwa, ta iso ɗaukar su. Mace ce mai faɗa, ba ta son jira. Aka gaisa, aka sha kunu, aka ɗaure kaya. Gizo ma ya zo, wai a yaba masa. Gwaggo Kuluwa ta ga zane ta ce, "Kai, Innar Yalwa, hannunki na da albarka." Yalwa ta sunkuya, aka ɗora mata yaro a baya, ta ja zanen ta ɗaure a ƙirji.

Tasalla ta zagaya ta baya don ta yi wa Angonta sallama. Nan ta ga wani ɗan bakin zare yana lilo daidai ƙarƙashin ɗuwawun yaron, siriri, yana sheƙi. Ta tuna kadarko, ta tuna duwatsun da ke ƙasa. Ta kuma tuna cewa in ta buɗe baki yanzu, a gaban surukai za ta tona wa kanta asiri.

"Ke 'yar nan," in ji ta, "sauke yaron."

"Inna, lafiya?"

"Rana na yi fa," in ji Gwaggo Kuluwa.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Sauke shi na ce." Ta karɓi zanen, ta juya wurin Gizo. "Zo in goya ka, mu gwada aikinka."

"Ni? Cikina ya cika, Iya, sai in yi miki amai."

"Zo dai."

"Ƙafafuna takwas, ina za su shiga?"

"Na ce ka zo."

"Shaurara! Kamar muryar Ƙoƙi nake ji tana kirana."

Tasalla ta rabu da shi. Ta shiga madafi ta ɗauko kabewa, nauyinta kamar na yaron, ta goya ta da zanen, ta ɗaure tam. Ta ware hannuwanta kamar mai haye kadarko. Ta yi taku ɗaya, shiru. Ta yi na biyu, aka ji wani ɗan ƙara kamar an ja tsinke a faifai. A na uku ta ɗan karkata, irin yadda gungume kan juya da mutum. Zaren Gizo ya zare daga farko har ƙarshe, ƙyallaye sha biyar suka zube kamar busasshen ganye. Kabewa ta sulluɓe ta faɗa kan dutsen niƙa, tim, ta dare gida biyu, 'ya'yanta suka watse a tsakar gida.

Yalwa ta ƙanƙame ɗanta har sai da ya tsala kuka. Ƙyalle ashirin da biyar na Tasalla kuwa suna nan ɗaure a ƙirjinta, ko ɗaya bai motsa ba.

Tasalla ta zauna a ƙasa daɓas. "Ba ni na ɗinka sha biyar ɗin nan ba," in ji ta. "Gajiya na yi, na ba Gizo. An gaya min sau uku, na ƙi dubawa."

"Inna, kullum ina tambayarki. Me ya hana ki ce kin gaji?"

"Kunya ta hana ni."

Gwaggo Kuluwa ta daɗe tana kallon kabewar nan. Kowa na jiran faɗa. Sai ta cire mayafinta ta rataye a igiya, ta jawo tabarma ta zauna.

"Akwai wata allurar a gidan nan?" in ji ta.

Akwai. Yalwa mai sabon ido ta riƙa zura musu zare, tsofaffin biyu suna ɗinki, ƙulli a farko, ƙulli a ƙarshe, a ciji zare. Da Yalwa ta ga yadda ake yi, ita ma ta ɗauki ƙyalle. Kaza ta tsinto waɗanda iska ta kwashe, Kusu yana bi ta ƙarƙashi yana shaida. Gizo kuwa tun faɗuwar kabewa ya nufi ƙofa, Akuya ta tsinke igiya ta tare shi da ƙaho, ya haye rufin ɗaki ya maƙale a lungu.

Kwana biyu suka yi. Da aka gama, Tasalla ta juya zanen ta bayansa, ta bi ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa har ƙarshe. Sannan ta ce a goya Angonta.

Ta raka su har bakin kogi. Yalwa ta hau kadarko, hannuwa a ware, ruwa na dukan duwatsu a ƙasa. Tasalla ba ta kallon komai sai guntun shuɗiyar rigar Jatau da ya dace daidai bayan yaron. Ba ta bar wurin ba sai da ta ga ƙafar 'yarta ta taka ƙasa a wancan hayin. Ta ɗaga musu hannu, ta juyo gida tana jan ƙafa, ta kwanta gindin tsamiya. Ranar ko Kaza ba ta yi kyarkyara ba, don kada ta tashe ta.

Gizo har yau yana can lungun rufi yana ɗinkinsa da zare ɗaya, ba ƙulli. Shi ya sa tsintsiya ɗaya take kwashe masa aikin wuni, gobe ya sake daga farko.

To, kun ji. Duk aikin da rai zai rataya a kansa, a juya bayansa a duba, komai gajiya. In kuma kun gaji, ku gaya wa naku kun gaji, kada kunya ta sa ku miƙa wa mai saurin hannu. Ni dai kun ji na faɗa, na gaji. Hanne, gobe ke za ki zura min zare.

Ƙungurus kan kusu, kusun nan da ya bi ta bayan zane.