Keken Ajiya a Hannun Sallau

An yi wani mutum, jama'a, a wani gari na cikin duwatsu, tun zamanin da babu waya a aljihun kowa, in mutum ya yi nisa sai dai a ji labarinsa a bakin direbobi. Sunansa Sallau. Wani bawan Allah ne kawai, ba malami ba, ba mai hali ba. 'Yar fadamarsa yake nomawa, dankali da albasa. Ranar kasuwa ya naɗa gammo, ya ɗora buhu a ka, ya hau tudu ya gangara, ya kai ya sayar.

Yana da maƙwabci, Malam Tanimu, malamin dabbobi mai bin rugage yana yi wa shanu allura. Shi Malam Tanimu yana da wani keke da ya samo a gwanjo, irin wanda aka ƙera don hawan dutse. Kun san irinsa: taya mai kauri mai haƙora, hannu miƙaƙƙe kamar sanda, ga giya gaba da baya. Shuɗi ne. Ba wani keken a-zo-a-gani ba ne, ko a lokacin ya sha jiki. Kuma ba shi da kariya, wato wurin ɗora kaya na baya. A garin nan kuwa, keken da ba shi da kariya ba a sa shi cikin kekuna. Keke na ɗaukar buhu ne, na ɗaukar jarka, na kai marar lafiya asibiti.

Ana nan sai aka yi wa Malam Tanimu canjin wurin aiki, aka tura shi wata ƙasa mai nisa ta bakin kogi, inda daga gida zuwa kasuwa sai kwalekwale. Da zai tafi ya turo keken har zauren Sallau.

Ya ce, "Maƙwabci, ga ajiya. Inda za ni kifi ne kaɗai zai hau shi."

Sallau ya ce, "To Malam, in rufe shi a ɗaki?"

Ya ce, "A'a, hau abinka. Keke in ba a hawa lalacewa yake yi. Abu ɗaya na roƙe ka: yadda na ba ka, haka nake so in same shi. Kada a sake masa komai."

Sallau ya ce, "Na ji, na karɓa."

Ku saurara, jama'a. Bai tambayi dalili ba. Bai ce me ke cikin tsohon ƙarfe da za a yi masa wannan sharaɗi ba. Mai abu ya faɗi yadda yake so, shi ke nan.

To, sai ku ga yadda bawan Allahn nan ya riƙe ajiya. Bai taɓa barin keken a rana ba. A zaure ya sa masa katako a ƙasa saboda damshi, ya lulluɓe shi da tsohon bargo. In ya dawo daga fadama, kafin ya wanke ƙafarsa zai share laka daga jikin keken. Sarƙar kuwa da kananzir yake wanke ta, da tsohon asuwaki, haƙori-haƙori. Mutanen gari baƙin mai suke zuba wa kekunansu har yana ɗiga, yana kwashe yashi. Shi kuwa man keken ɗinkin matarsa Kuluwa yake roƙa, ɗigo kaɗan.

Kuluwa takan ce, "Malam, wai keken nan da ni, wa aka fi kula da shi a gidan nan?"

Yakan yi dariya ya ce, "Ke tawa ce, in na gaza miki kya yafe mini. Shi na mutane ne."

Da taya ta cinye, bai sa ta kowa ba. Ya haƙura da hawa har wani direba ya samo masa irinta daga birni, tsohuwar kuma ya rataye ta a ƙusa, don in mai ita ya tambaya. Da Sallah ta zo, kowa ya naɗe kekensa da leda mai ƙyalli, ya sa madubai da furannin roba. Na hannun Sallau yana nan yadda yake, shuɗinsa yana ɗan kwantawa a hankali.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya yi wuya shi ne ranar kasuwa.

Ku duba: mutum yana da keke a zaure, lafiyayye, amma ya ɗauki buhun dankali a ka ya hau tudu da ƙafa. Ya taɓa gwada ɗora buhun a sandar tsakiya ya tura, sai ya ga wayoyin birki da na giya ta nan suka bi, nauyi zai murƙushe su. Ya sauke. Bai ƙara ba.

A bakin hanyar kasuwa akwai rumfar Gambo mai gyaran keke da walda. Taubashin Sallau ne, saboda haka ba ya raga masa. Da ya hango shi ƙarƙashin buhu sai ya ɗaga murya:

"Jama'a ku ba da hanya, ga jakin keke nan tafe! Kowa keke ke ɗaukarsa, shi shi ke wa keke bauta. Sallau, ya kwanan maigidan naka? Ya sha mai?"

Sallau daga ƙarƙashin buhu yakan ce, "Ya sha, yana gaishe ka. Ya ce kada in bar shi ya zo hannunka, ya ga yadda ka yi da na Liman."

Gambo ya ce, "Kawo shi, ɗan banza, in yi masa kariya. Irin tamu ba ta shiga jikinsa sai da wuta. In liƙa ta nan da nan, in shafe shi da baƙin fenti, ya zama keken mutane. Kyauta zan yi maka, don wuyanka nake ji."

Gaskiya Gambo yake faɗa, don wuyansa yake ji. Ku lura da wannan. Ba kullum ne mai kiranka ka taɓa amana yake zama maƙiyi ba. Sau da yawa mai ƙaunarka ne.

Sallau ya aika wa Malam Tanimu saƙo ta bakin direba, yana neman izini. Shiru. Ya sake aikawa. Shiru. Shekaru suka yi ta tafiya, furfura ta fito masa, wuya ya fara ciwo. In ya dawo daga kasuwa sai Kuluwa ta gasa masa da ruwan zafi.

Rannan sai ga labari: Malam Tanimu yana raye, amma ciwon idon nan da ake kamuwa da shi a bakin koguna ya kama shi. Ya makance.

Sallau ya zauna ya yi ta salati. Bayan kwana biyu Gambo ya zo har gida, wannan karon ba wasa a bakinsa. Ya ce, "Ɗan'uwa, Allah ya ba shi haƙuri. Amma ka duba. Makaho ba zai hau keke ba. Makaho ba zai ga walda ba, ba zai ga fenti ba. Wa kake ajiye wa?"

Kuluwa ma ta ce, "Malam, da yana nan da kansa zai ce a yi. Mutumin kirki ne."

Jama'a, Sallau mutum ne kamar ni da ku. Wuyansa na ciwo. Da safe ya yaye bargo, ya turo keken har rumfar Gambo. Gambo ya ɗauko kariya ya gwada, ya kunna wutar walda, tana huci.

Sallau yana riƙe da sirdin keken, yana kallon wutar. Sai zuciyarsa ta ce masa: in ya dawo ya tambaye ka, me za ka ce? Da yana gani, da ya duba da kansa. Yanzu ba shi da ido sai bakinka.

Ya ce, "Gambo, kashe."

Gambo ya ce, "Kai dai ba ka da kai!"

Ya ce, "Ina da shi, shi nake ɗaukar dankali da shi. Kashe."

Ya turo kekensa ya dawo. Kuluwa ta dube shi, ta dubi keken. Ta shiga ɗaki ta haɗa tsummoki ta ɗinka masa gammo mai kauri, mai laushi. Ya kuma rage kayansa, abin da yake kaiwa sau ɗaya ya koma kai shi sau biyu. Ransa kuwa a kwance, yana cin tuwonsa da daɗi.

Bayan damina, wata hantsi, sai ga sallama a ƙofar gida. Malam Tanimu ne, ƙanensa na riƙe da sandarsa. Suka rungume juna, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo. Can Malam Tanimu ya yi murmushi ya ce, "Maƙwabci, ina tsohon nan? Ko ya riga ni?"

Sallau ya kama hannunsa ya ɗora a kan keken. Malam Tanimu ya fara shafawa. Ya bi hannu, ya bi sirdi, ya bi wayoyi, ya durƙusa ya taɓa sarƙa ya shinshina yatsansa. Ya kai hannu baya, wajen da ake sa kariya, ya ji wayam.

Ya ce, "An gaya mini a mota har yanzu a ka kake ɗaukar dankali. Na ce ƙarya ne."

Sallau ya ce, "Na aika maka saƙo."

Ya ce, "Bai iso ba." Sannan ya ce, "Abu ɗaya hannuna ba zai gaya mini ba. Wane launi ne yanzu?"

Sallau ya ce, "Shuɗin da ka bari. Ya dai ɗan kwanta, kamar mu. Tayar baya na sake, tsohuwar tana rataye. Kuma na taɓa kai shi gaban wutar Gambo, amma ba ta taɓa shi ba."

Malam Tanimu ya ce, "To ɗora ni."

Ƙanensa ya ce, "Yaya, a haka?"

Ya ce, "Kai, ba da kai nake ba."

Aka ɗora shi. Sallau ya riƙe sirdi da hannu ɗaya, ya riƙe hannun keken da ɗaya, suka fita kan hanya. Malam Tanimu ya taka feda, ya tura giya da babban yatsa, ta faɗa ƙas, ba gardama. Ya ƙyalƙyale da dariya kamar ba shi ne ya rasa ido ba. Ya ce, "Ƙara sauri, maƙwabci!" Dattawa biyu, ɗaya a sama, ɗaya yana sassarfa yana haki. Gambo ya leƙo daga rumfa yana kururuwa, "Yau kam jaki ya sami mahayi!"

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce an bar wa Sallau keken, ko an saya masa mota. A'a. Mai abu ya karɓi abinsa, ya kai ɗakinsa, yana shafa shi safe da yamma. Sallau kuwa da kasuwa ta zagayo ya naɗa gammo ya hau tudu. Abin da ya samu shi ne an tambaye shi, ya amsa, muryarsa ba ta yi rawa ba.

Jama'a, amana ita ce ka mayar da abu yadda mai shi ya ce, ba yadda kai ka ga ya fi ba, ko da mai shi ba zai taɓa ganewa ba. Ni uba ne, kuma abin nan yana damuna. 'Ya'yanmu sukan ari babur su dawo da shi babu madubi, su ari waya su dawo da ita a fashe, su ce ai ba komai. A ina suka koya? Suna kallonmu ne. Suna ganin abin da muke yi da fartanyar maƙwabci, da gonar marayu, da maganar da aka ce mu riƙe.

Kowa a nan yana da ajiyar wani a hannunsa. In kun koma gida yau, ku yaye bargo ku duba ta. Mai ita yana tafe, kuma zai tambaya. Allah ya sa ranar mu iya amsawa.