Gugan Rijiyar Kafin Ɗanya

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa kullum akwai guga rataye a bakin rijiyar Kafin Ɗanya, kuma ba mai ɗauke shi ya kai gida.

A da ba haka abin yake ba. Kowane gida da gugansa, in an gama jan ruwa a naɗe igiya a tafi da shi. Baƙo ya zo da ƙishirwa, sai dai ya zauna jiran mai guga.

A lokacin akwai wani mai tufka igiya, Nomau, wanda ba abin da yake taƙama da shi kamar igiyarsa ta rama. Maƙwabcinsa Cindo baduku ne. Guga ɗaya suke ja tun suna samari: fatar ta Cindo, igiyar ta Nomau.

Wata rana da rani, Nomau na cikin ja sai ya ji hannunsa sakayau. Guga ya faɗa rijiya, tsulum! Mata na tsaye da tuluna suna kallo.

Cindo ya ce, "Na sha gaya maka igiyar nan taka ko ɗan akuya ba za ta riƙe ba."

Nomau ya ce, "Kai dai ka ɗinka guga da fatar ɓera, kunnensa ya yage!"

Aka sa ƙugiya aka ciro guga, ga igiya a tsinke, ga kunne a yage. Kowa ya ce a ba shi nasa, zama tare ya ƙare. Nomau kuwa ya shiga lissafi: in aka ce igiyarsa ce ta tsinke, wa zai ƙara saye?

Sai Inna Dela, wata tsohuwa da ta goyi dukansu biyu, ta ce, "Ku rufa mini baki, ƙattin banza. A ɗaura sabuwar igiya a sabon guga, a rataye a nan, duk gari ya yi ta ja. Wanda nasa ya fara mutuwa, shi ne mai laifi."

Aka kafa gwafa, aka rataye. Gari kuwa ya samu banza, har Fulani masu wucewa da shanu.

Ba a daɗe ba Nomau ya ga igiyarsa ta fara cinyewa. Ya tufka wata, ya ɓoye cikin riga, ya bari sai da rana ta take, kowa ya shige inuwa. Yana isa rijiya, wa zai gani? Cindo ne tsugune da basilla, yana yi wa guga faci.



Nomau ya ce, "Baduku, me kake yi a nan?"

Cindo ya ce, "Iska nake sha. Kai kuma yaushe ka yi ciki?"

Nomau ya dubi rigarsa, ga bakin igiya na reto. Dariya ta kama su har da hawaye. Da suka lafa, Cindo ya ce, "Miƙo in riƙe maka. Amma kada Inna ta ji."

Haka suka yi ta sabuntawa a ɓoye har suka tsufa, 'ya'yansu suka gada.

To, shi ya sa har yau gidan Nomau ke kawo igiya, gidan Cindo ke kawo guga, baƙo ya sha ruwa ba sai ya roƙi kowa ba. Shari'ar Inna Dela kuwa tana nan, ana jiran wanda nasa zai fara mutuwa.