Dokin Haladu da Ya Kai Ƙara Zauren Malam

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake ɓoye bayinsa na gari a cikin mutane, ya bayyanar da su a lokacin da ya so. Daga cikin waɗannan bayi akwai malaminmu, Shehi masani, mai zurfi a Fiƙihu da Tafsiri, mai tsantseni da gudun duniya, wanda zaurensa yake a gefen garin Kusada, Allah ya ƙara masa yarda, ya ja da ransa cikin ɗa'a. Ya hana a ambaci sunansa a irin wannan rubutu, kuma ba ya son a kira abin da ke aukuwa a gabansa karama. In an matsa masa, sai ya ce Allah ne ya yi abinsa, shi dai an tarar da shi a zaune ne a wurin. Ga abin da ya faru tsakaninsa da wani bawan Allah mai suna Haladu, mutumin Mawashi, a kan idon jama'ar da mafi yawansu suna nan da rai.

Shi Haladu manomi ne. Shekarun baya ya yi haɗarin mota a hanyar Kankiya, ƙafarsa ta dama ta shanye, ba ya taka ta sai da sanda, balle ya tuƙa babur ko keke. Abin da ya zame masa ƙafa shi ne wani baƙin doki da yake kira Akawal. A kansa yake zuwa gona, a kansa yake zuwa kasuwa da masallacin Juma'a, kuma dokin ya san lalurar maigidansa, domin da kansa yake matsowa jikin dakali ya tsaya cik har sai Haladu ya ja jiki ya hau.

Ana nan sai dokin ya kamu da wani irin zawo mai ɗaure kai. Jikinsa ba zafi, bai rame ba, yana cin harawa da dusa kamar kullum, gashinsa na sheƙi, amma kashinsa ya ƙi ɗaurewa, kuma bayan kowane kashi sai wani ruwa mai wari ya biyo, ya ɓata masa wutsiya da cinyoyi, har fatar wurin ta fara saɓulewa, ƙudaje suka yi masa caa. Haladu ya jiƙa masa kanwa, ya ba shi sassaƙe iri-iri da makiyaya suka kwatanta masa. Ya kira likitan dabbobi daga Kankiya, mutum mai haƙuri da sanin aikinsa, ya zo ya duba, ya ba da maganin tsutsar ciki, ya ce a rage ɗanyar ciyawa. Abin ya ɗan lafa, sa'an nan ya dawo kamar ba a yi komai ba. Damina ta wuce a haka, aka girbe gero, aka roro wake, matarsa Lami tana wanke wutsiyar doki safe da yamma ba ta taɓa cewa uffan ba.

Abin da ya karya masa zuciya ya faru ne wata Juma'a a ƙofar masallaci, inda dokin ya ɗaga wutsiya ya fesa wa wani dattijo ruwan nan a farar riga, ana dab da tayar da salla. Dattijon bai yi faɗa ba, ya juya gida kawai don ya sake tufafi, ya rasa jam'i. Haladu ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

A makon nan wani dillalin dawaki mai suna Ɗanmaliki ya same shi a gida, ya ja shi bayan rumbu inda ba kowa, ya ce masa, "Haladu, irin wanga ciwo a ciki yake cin dabba. Wata rana za ka tashi ka iske shi a miƙe, ka yi biyu babu. Akwai masu lodin dawaki zuwa kudu, su nama suke so, ba ruwansu da zawo. Ka sayar mani da shi in zo in ja shi da safe."

Haladu ya ce ya yarda. Bai gaya wa Lami ba, bai gaya wa kowa ba, kuma da ya je zuba wa dokin dusar yamma bai iya ɗaga ido ya dube shi ba.

Da gari ya waye, ya dogara sanda ya zagaya wajen turke, sai ya tarar da igiya a kwance, ba a yanke ta ba, ba ta tsinke ba, ƙullin da ya yi da hannunsa yana nan yadda yake, doki kuwa babu. Ya yi salati da ƙarfi har Lami ta fito da gudu. Maƙwabcinsa Sada ya tayar da babur ya ɗauke shi, suka bi sawun kofato, abin da bai yi musu wuya ba, domin duk inda dokin ya bi ya bar alamar zawonsa. Sawun bai nufi gona ba, bai nufi hanyar Kankiya da dokin ya saba bi ba. Ya miƙe sak zuwa Kusada, ya ratsa ta bayan gari, ya tsaya a ƙofar wani zaure da Haladu bai taɓa zuwa ba, sai dai jin labarin mai shi.

Ga Akawal a tsaye ƙarƙashin bedi, ba linzami ba igiya, yana shan ruwa a cikin daro, ga Shehi a zaune kan buzu, magidantan da ke ɗaukar karatun safe sun rufe littattafansu sun yi jugum. Ɗaya daga cikinsu, Malam Harisu, ya taimaka wa Haladu ya sauka, ya raɗa masa cewa tun da aka sallame sallar asuba Shehi ya sa aka share gindin bedin, aka ajiye ruwa, ya ce akwai baƙo a hanya, kuma ba mai shiga zaure ba ne. Haladu ya zube ya yi gaisuwa.

Shehi ya amsa cikin sakin fuska, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Haladu. Abokinka ya riga ka isowa. Ƙara ya kawo."

"Allah ya gafarta Malam, ƙarar wa?"

"Ya ji abin da aka ƙulla a bayan rumbu."

Sada ya dubi Haladu yana neman bayani, shi kuwa sai hawaye, domin ya san daga shi sai Ɗanmaliki sai Allah suka san wannan magana.

Shehi ya miƙe a hankali, ya je ya dafa wuyan dokin, ya shafa hannunsa na dama a ƙasan cikinsa, leɓɓansa na motsi da abin da ba wanda ya ji. Dokin ya yi wani dogon nishi, ya buɗa ƙafafunsa na baya. Abin da ya fito ya sa mutane suka ja da baya suna kabbara. Yashi ne, jiƙaƙƙen jan yashi, yana zubowa yana taruwa, ya tsaya, ya sake zubowa, har ya yi tudun da ba mai cewa daga cikin dabba mai rai ya fito. Sada ya tsuguna ya sa tsinke ya tona, ya ɗago ya dubi Haladu, ya ce, "Wallahi irin yashin bayan gidanka ne." Ƙasar ƙofar zauren kuwa fara ce, kowa na gani. Wani dattijo daga cikin masu karatu ya rufe fuska da rawani yana ta maimaita, "La haula wa la ƙuwwata illa billah."

Shehi ya wanke hannu ya koma kan buzunsa, ya ce, "A ƙasa kake zuba mashi dusa, shi kuma ba ya son ya bar ko ƙwaya, sai ya lashe har da yashin. Ka samo mashi komin zuba abinci, ko da na rabin duro ne. Harawa ka rataye ta. In za ka sauya mashi abinci, ka sauya kaɗan-kaɗan. A wanke cinyoyin a shafa man kaɗanya. Kuma ka koma wurin likitan nan ya duba mashi haƙora, Allah ya ba shi ilimin da bai ba ni ba."

Haladu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ci amanar dabbar nan."

Shehi ya ce, "Ba ka kai ga ci ba. Hau abinka ka tafi gida."

Ba dakali a ƙofar zauren. Haladu yana waige-waigen abin da zai taka, sai dokin ya matso, ya lanƙwashe ƙafafun gaba ya durƙusa a gabansa kamar raƙumi, abin da bai taɓa yi ba, kuma bai sake yi ba tun daga ranar.

Da suka isa Mawashi suka tarar da Ɗanmaliki a ƙofar gida riƙe da igiya. Sada ya kwashe labari ya gaya masa. Dillalin ya naɗe igiyarsa, ya ce shi ba da shi za a ja dabbar da ta san hanyar kai ƙara ba, ya tafi bai ko sha ruwa ba. Likitan ya zo daga baya, ya goge wa dokin wani haƙori mai tsini da ke hana shi tauna sosai. Da aka ba shi labarin yashin, ya ce lalura ce sananniya a ƙasa mai rairayi, amma fitar da shi aiki ne mai ɗaukar lokaci, wani lokaci ma ya ƙi fita; sa'an nan ya roƙi a kwatanta masa zauren.

Ba a daɗe ba, wata safiya Lami ta ji shiru ya yi yawa a wajen turke, ta leƙa, sai ta ga mijinta a zaune dirshan a ƙasa, ya yar da sanda, yana kallon kashin doki a dunƙule, curi-curi, busasshe kamar na kowane lafiyayyen doki, yana kuka kamar ƙaramin yaro. A nan ne ya gaya mata abin da ya so ya yi. Ta ce, "To, Malam, ka gode wa Allah da ya sa dokin ya fi ka saurin tashi."

Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da bayinsa kukan abin da ba ya magana. Ya Allah, ka ƙara wa Shehinmu lafiya da kusanci, ka sa mu cikin masu tausayin abin da ka damƙa a hannunsu, ka yayyafa mana albarkar bayinka salihai, mu da iyayenmu da dabbobinmu, don alfarmar Fiyayyen Halitta, sallallahu alaihi wa sallam. Amin.