Awon Gadar Kwarin Marke

Ku matso ku ji, wannan ta gardama ce.

A Kwarin Marke akwai wata tsohuwar gadar dutse mai baka ɗaya, tun ta zamanin kakanni. Duk motar da ke zuwa kasuwar garin ta kanta take bi. Da ta fara tsagewa, injiniya ya zo ya ce zanenta na takarda gara ta cinye, na'urarsa kuma ba ta da wurin tsayawa a wannan kwazazzabo. In bai samu faɗin bakan da lanƙwasarsa ba zuwa Juma'a, za a kai hanya wani gari. Kowa ya san kasuwa ta mutu ke nan.

Tabawa mai saƙar faifai ta ji maganar, ta je ta tayar da yayyenta biyu.

Ɗantani masunci ne. Ya ɗaure igiya a ƙugu, ya faɗa ruwan da ko kwalekwale ba ya shiga. Sau biyu ruwa na maido shi, a na uku ya ɗaure ta daga ƙafar gada zuwa ƙafa, ta miƙe sak.

Barmo masaƙi ne. Aka zura shi ta gefen gada, yana lilo kamar guga. Kamu-kamu yake sakin zare daga leɓen baka zuwa igiyar, ya tsinke, ya yi ƙulli don kada su cakuɗe.

Injiniya ya dubi tulin zare, ya ce wannan ai taliya ce, ba awo ba.

Tabawa, wadda ba ta iya haɗa ido da baƙo, ta kwashe zaren zuwa filin idi. Ta jera su a ƙasa, kamu ɗaya tsakani, sai ga bakan gada kwance. Ta ce a hankali, "Ranka ya daɗe, gefen faifai ne. Cibiyarsa za mu nema." Ta kafa turke, ta ɗaura masa igiya, ta yi ta matsar da shi har igiyar ta zagayo ta shafi kan kowane zare. Injiniya ya auna igiyar, ya samu awon da yake nema, ya cire hula.

Aka gyara gada, kasuwa na nan na ci, mu ma da tinƙaho muke hawa gadar. Sai dai allon yabon da za a kafa a jikinta suna ɗaya zai ɗauka.

To jama'a, sunan wa za a rubuta?